Lambun da aka tambayo wurin tsofaffi

Tun da kai ma aikin tsara gari ka sa gaba, zauna ka ji wannan. A wani birni na hamada, can ƙetaren teku, inda kakannin yawancin mutanen garin da Sifaniyanci suka tashi, an ba wata mata aikin zana wurin shaƙatawa don tunawa da waɗannan kakanni. Manyan gari suka nuna mata hoton wani lambu na ƙasar da ruwa ba ya yankewa, ciyawa shar, ga famfo yana feshi sama. Irinsa suke so. Ita kuwa ta san rijiyoyin garin kullum ƙasa suke yi, ruwan da ciyawar nan za ta sha daga bakin mutane za a ɗebe shi. Sai ta ajiye hoton, ta shiga tsohuwar unguwa tana gaida tsofaffi gida-gida. Wata tsohuwa mai gasa wainar masara ta kai ta bayan ɗakinta, ta nuna mata busasshiyar magudana, ta ce, "'Yata, ta nan kakana yake jawo ruwa, kowane gida da ranarsa. Ba mu taɓa shayar da abin da ba ya ba mu inuwa ko abinci ba."

Da wannan ta koma ta yi zanenta. Aka gina katanga mai kauri da tubalin ƙasa, aka bar fili a tsakiya kamar tsakar gida, aka kewaye shi da rumfuna. Aka haƙa ƙananan kwaruruka yadda ɗan ruwan saman da ake samu zai gangara gindin itatuwa, ba titi ba. Ta shuka murtsunguwa da rumman da ɓaure, da wata itaciyar dajinsu mai kama da ƙirya. A kusurwa ta sa aka gina tanderu irin na dā. Shekarar farko an yi mata dariya, har wani babba ya ce an kira su buɗe lambu an nuna musu gonar ƙaya. A shekara ta huɗu fari ya zo, aka hana kowa ban-ruwa, sai dai ruwan sha. Garin da ke maƙwabtaka da su, wanda ya sayo irin ciyawar hoton nan, filinsa ya koma kamar tsohuwar tabarma. Nata kuwa inuwa ta haɗe, rumman ya fashe ja a reshe. Da la'asar iyalai sukan zo su yi shimfiɗa, tsofaffi na kiɗan jita, mata na zaro burodi mai zafi daga tanderu, ita kuma tana zaune cikinsu tana cin nata, ba wanda ma ya san ita ta zana.

Ka ga dai abin da Bahaushe ke nufi da ya ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.