Fim ɗin da Na Kunna wa Inna

Na kunna fim ɗin a waya, na jingina ta da kwano a gaban Inna, a tsakar gidanmu na Ƙofar Guga.

Ni na rubuta shi, amma ban faɗa mata ba. Labarin wata uwa ne da ba ta taɓa kiran sunan ɗiyarta ta fari ba, wai kunya. "Ke" kawai take ce mata. Ko ranar da ɗiyar ta yi ɓari, daga bakin ƙofa ta ce sannu, ta juya. Ban ƙara komai ba, haka Inna ta yi mini.

Ina zaune ina kallon fuskarta, ba na jin komai. Ko haushin ma ya daɗe da ƙarewa.

Can sai ga hawaye. Inna, wadda ko rasuwar Baba ba ta sa ta kuka ba.

"Wanda ya yi wannan ya san mahaifiyata," ta ce. "Wallahi haka ta yi mini. Na gode wa Allah da ban yi wa tawa ɗiyar haka ba."

Ta share ido da gefen zane, ba ta ko dube ni ba.

"Ke, maido shi farko."