Bambar Motar Baba

Na dawo daga neman mai na tarar yayana ya kwance bambar gaban tsohuwar Chevrolet ɗin marigayi Baba, ya ɗaura wata mai ƙyalli da ya taho da ita daga Miami.

"Ina tsohuwar?"

"Wannan tarkacen? Na ba mai keken doki mai sayen ƙarfe. Ƙanena, wannan ta asali ce, duk Havana ba mai irinta. Ko godiya babu?"

Ni na bar makaranta na shige ƙarƙashin motar nan ina ƙera mata kusoshi, shi yana can yana turo hotuna. Yau ya zo da farin takalmi zai koya mini asali.

"Yaya, ka taɓa tambayar abin da ya sa Mama take kwana a ƙasa?"

"Ba ciwon baya ba ne?"

"Haka ta ce a gaya maka. Shekarar da ka tafi bambar ta ruɓe, aka hana motar ɗaukar fasinja, gida ba abinci. Baba ya yanka gadonsu na ƙarfe, ya yi ta duka da guduma har ya zama bamba. A kan tarkacen nan aka haife ka."

Ya yar da spana ya zura a guje ta titin bakin teku neman mai keken dokin, farin takalmin na faɗawa kwata.

Ban kira shi ba. Hanyar kasuwa na ga keken ya bi lokacin da nake dawowa, can na nufa ni kaɗai.