Sunan da Ke Goshin Jirgi

Eusebio ya kawo budurwarsa Citlali bakin ruwan Xochimilco don ta ga tsohon jirgin da zai saya. Iya abin da tarin kuɗinsa ya kai ke nan. A allon goshin jirgin, inda matuƙa ke rubuta sunan matansu, an rubuta "Amparo", fentin duk ya ɓare.

"Ɗan gyara kawai yake so," in ji shi. "Na ma gaya wa mai fenti ya sa sunanki."

Citlali ba ta kalle shi ba. Da suka shiga jirgin, sai ta durƙusa ta danna katakon ƙasa da yatsa. Ya lotsa, ruwa ya tsattsafo.

"Maƙwabciyarmu ce Amparo," ta ce. "Sunanta na sama, ita tana ƙasa da gwangwani tana kwarfar ruwa, har ta mutu."

"Haba Citlali, kin san ina son ki."

"Na sani. Ita ma mijinta yana son ta." Ta miƙe tsaye. "Bar mata sunanta. Ba zan gaje ta ba."

Ta fita ba ta waiwayo ba. Ruwa ya taɓa masa takalmi. Ya sunkuya ya ɗauki tsohon gwangwanin da ke cikin jirgin.