Bargunan Inna Kaltum

Tumatir Dakta Ikrima ya je saye Watari. A hanyar dawowa, bayan ya wuce Bagwai, ya hango wani bargo a shanye bisa katanga, ya taka burki har kwando ya kife.

Malamin zane ne a jami'a, shekara shida yana neman abin da zai rubuta a ƙara masa girma. Ga shi yau a kan katanga: ƙyallaye ruwan toka, wani ya ɗara wani duhu, an harhaɗa su da farin zare, ƙulle-ƙullen duk a fili. Ko ɗigon ja babu.

Ya yi sallama. Mai bargon ta fito, wata dattijuwa da ake kira Inna Kaltum. Da ta ji bargon yake yabo sai fuskarta ta washe, ta kai hannu za ta sauko da shi.

"Don Allah Inna, kada ki taɓa. A haka nake son sa."

Ta dube shi, ta dubi bargon, ta janye hannu.

Ya zaro littafi. Ina ta samo waɗannan ƙyallaye? Tsofaffin rigunan noman marigayi mijinta ne, Malam Madu. Ya rubuta: takaba da ba ta ƙarewa. Me ya sa ta bar ƙullin zaren a waje?

"To wa zai gani?" in ji ta.

Ya rubuta: fasahar da ba ta neman idon mutane. Ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Barguna tara ta gama. Ban da na kan katanga, kowanne a ninke cikin adaka, launin tokar a waje. Ta ce wasu sun ci mata wata huɗu, don sai ta bi telolin Bagwai ɗaya bayan ɗaya ranar kasuwa tana neman ƙyallaye. Dakta bai rubuta wannan ba, hankalinsa na kan toka. Ya roƙi aron su duka zuwa baje koli, ya yi alkawarin aiko mota ta ɗauke ta.

A gidansa na Rijiyar Zaki ya warware su. Tarkacen atamfar da aka yi musu shafi da shi ya ɗan ɓata masa rai, amma tunda bango zai kalla, ba komai. Ya zauna ya rubuta maƙala shafi arba'in.

Inna kuwa ta gaya wa duk matan garin cewa birni ya san aikinta. Larai, wadda suka daɗe suna gasar ɗinki, ta ce sai ta gani da idonta. Aka ba ta gurbi a mota.

Ranar taro ɗaki ya cika. Barguna tara a jere jikin farin bango, kowanne da fitilarsa. Shugaban sashe, Farfesa Sha'aban, ya tsaya gaban na uku ya daɗe yana gyaɗa kai. Wata ɗaliba ta ce ita dai natsuwa ta saukar mata. Dakta ya yi bayanin minti hamsin kan yadda macen karkara ta juya wa launi baya.

Ana cikin tafi su Inna suka shigo. Ta bi bangon da kallo tun daga farko har ƙarshe. Larai ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Kuka take," Dakta ya raɗa wa Farfesa. "Haka aikin yake yi wa mutane."

Farfesa ya miƙa wa Inna abin magana, ya ce ta yi wa jama'a bayanin sirrin wannan toka. Masu ɗaukar hoto suka matso. Dakta ya buɗe sabon shafi, alƙalami a hannu.

Inna ta gaishe da kowa, ta yi wa Dakta addu'a da iyalinsa. Sannan ta gyara murya.

"Ni dai tambaya gare ni, 'ya'yana. Duk karatun nan naku, wa ya rataye min barguna a baibai?"