Laimar Gareji da Mai Wankin Bayan Katanga

Kafin ka ɗaga yatsa ka nuna mutum, ɗan'uwana, zauna in ba ka misali. An yi wani mutum, irin waɗanda ko gaisuwa ka tsawaita musu sai sun ce da wata a ƙasa. Ya gina gareji jikin gidansa, yana ajiye mota da buhunan masara. Ana tsakiyar rani, ko ɗigon ruwan sama babu, sai ya ga daɓen garejin ya yi duhu, ya taɓa ya ji sanyi. A share, a buɗe ƙofa rana ta shiga, washegari laima ta dawo. Buhunan da ke ƙasa suka fara fumfuna. Ya ce ai ruwa ba ya tsami banza, kuma a nan ya yi gaskiya. Inda ya ɓata shi ne bai tambayi daɓen ba, sai ya leƙa bayan katanga. A can akwai wani mai wanki da guga, shekara goma sha ɗaya yana sana'arsa a gindin wata darbejiya, da sana'ar yake ci da iyalinsa, har manyan rigunan mai garejin shi ke wankewa. Mutumin nan kullum hannunsa cikin ruwa, to wa za a zarga? Da wani farin abu kamar kanwa ya feso a kan simintin, mai gareji ya lakato da yatsa, ya ce ga sabulun ma ya fito. Mai wanki ya rantse, ya nuna masa kwatar da ruwansa ke bi ta gangara gabas, ba ta ko kallon garejin. Ina! Rantsuwar ma ta zama shaida a kansa, wai mai gaskiya ba ya saurin rantsuwa. Mai gareji ya kai ƙara wurin mai unguwa, ya je ya dawo, ya je ya dawo, har aka gaji da shi aka ce mai wanki ya tashi. Bawan Allah ya kwance igiyoyinsa, ya ɗora bahonsa da dutsen guga a baro ya tafi. Wallahi duk sanda na tuna tafiyar nan sai raina ya ɓaci.

Mako uku da tashinsa, bayan katanga ya bushe ƙayau, gareji kuwa sai abin da ya ƙaru. Mai gida ya fara kallon matarsa, ya fara kallon direbansa, har ya soma tunanin ko wani ne ke yayyafa masa ruwan asiri. Da abin ya ishe shi ya kira wani tsohon magini. Tsoho bai tambayi wa ake zargi ba. Ya yanko leda ya shimfiɗa a daɓen, ya liƙe bakinta ta kowane gefe, ya ɗauki gawayi ya zagaye iyakar laimar, ya ce kada kowa ya taɓa sai jibi. Da jibi ta yi, saman ledar a bushe, ƙarƙashinta ya yi gumi sharkaf, ka ga ba zubawa ake yi ba, daga ƙasa take tasowa. Zanen gawayin kuma laima ta tsallake shi ta ɓangaren cikin gida, ta ɓangaren katanga ko taku ɗaya ba ta ƙara ba. Tsoho ya sa aka rufe tankin gidan kwana biyu, laima ta tsaya cak. Ya ɗauki guduma ya fasa daidai inda tayar bayan motar ke tsayawa, sai ga bututun ruwa a tsage, yana tsiyaya a hankali. Mai gida ya yi tsuru-tsuru, don shi da bakinsa ya sa aka bi da bututun ta ƙarƙashin gareji lokacin gini, wai in aka bi da shi ta waje maƙwabta za su huda su sha masa ruwa. Nauyin mota da masara ya yi ta danna shi har ya buɗe. Gyara bai wuce kwana huɗu ba: aka fitar da bututun ta jikin bango inda ido ke ganinsa, aka kwashe jiƙaƙƙiyar ƙasa, aka zuba tsakuwa, aka shimfiɗa leda, aka sake siminti. Sai kunya ta kama mai gida, ya shiga neman mai wanki. Ya same shi a bakin kasuwa yana dako, masu kawo masa wanki duk sun watse, dutsen gugar ma ya sayar ya ci. Ya ce masa ya dawo wurin wankinsa. Mutumin bai ko sauke buhun da ke kansa ba, ya ce, “Alhaji, da can na rantse maka ba ka yarda ba. Yanzu in ka ga wata laimar, wa za ka kora?” Ya wuce da kayansa.

Shi ya sa Hausawa ke cewa: ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.