Hannun da Ke Baya

Dorka na cikin ɗaure igiyar takalminta Kawu Gyula, mai horar da su, ya leƙo ɗakin sauya kaya ya ce an canza jeri. Yau Orsolya ce za ta tura ta, ita Dorka kuma ta tura Piroska.

Igiyar ta suɓuce mata.

Tseren karɓa-karɓa a kan ƙanƙara ba sanda ake miƙawa ba, baya ake miƙawa. Mace ta shigo fili ta duƙa, idonta a gaba, wadda ta gama zagayenta ta taho a guje, ta dafa mata ƙugu da hannu biyu ta cilla ta. Daga nan sai kwanar hagu, ga wuƙa mai tsawon kamu biyu ƙarƙashin kowace ƙafa. Ba a waiwaye. Mai waiwaye ba ta daɗewa a wannan sana'a.

Tun suna yara a garin Szeged hannu ɗaya Dorka ta sani, na Piroska. Tare suka tashi, tare aka ɗauke su ƙungiyar ƙasa, kuma kullum Piroska ce a bayanta.

Gudu dai Dorka ta fi kowa, ko maƙiyinta ya sani. Amma tana da aibi ɗaya: ranar babban wasa ƙafarta takan zame a kwanar farko, ta tafi da ciki har ta daki katifun bango. Ba kullum ba. Sai ranar da ido ya fi yawa. 'Yan jarida suka ce ba ta da zuciya. Masu zaɓe suka riƙa tsallake ta a tseren mutum ɗaya, inda ɗaukaka da kuɗi suke, suna ba Piroska gurbin, don ita ba ta faɗuwa. Piroska takan karɓa da hawaye. Ita ke fara zuwa ɗaga Dorka, ita ke kai mata miyar kifi har gida, ita ke shafa mata man zafi a ɗan baƙin tabon da ke fito mata a ƙugun hagu, wanda bai fi kan babban yatsa ba. Kowace mai wannan tsere a gefen hagu take faɗuwa, wa zai tsaya tambayar tabo?

Shekara uku da suka wuce, a wani wasan gwaji da ya tara jama'a, faɗuwar ba ta tsaya kanta ita kaɗai ba. Wuƙarta ta sami Ilka, ƙanwar Orsolya, a bayan agara. Jini ya malale a kan ƙanƙara, ja wur, har sai da aka kankare wurin. Yarinyar yanzu da sanda take tafiya.

Tun daga ranar Orsolya ba ta sake ce wa Dorka uffan ba. Kallo kawai. Duk lokacin da za a tura Dorka, sai ta hangi Orsolya jingine da bango, ta kafe wurin da ido kamar mahauci yana duban akuya.

A nan ɗakin sauya kayan, Piroska ta matso kusa da Dorka ta raɗa mata cewa Orsolya ce da kanta ta roƙi Kawu Gyula wannan canji, ta ji da kunnenta. Ruwa ba ya tsami banza. Ta dafa kafaɗar Dorka.

"Ki ce cikinki na ciwo, 'yar uwa. Ko mu je mu same shi, a mayar da jerin yadda yake. Kar ki ba ta bayanki."

Dorka ta ƙarasa ɗaure igiyar takalminta. Shekarunta sun kai inda ake fara nuna wa mace ƙofa. In ta janye yau, ta gama. In ta faɗi yau, ta gama. In kuma Orsolya ta karkata hannu ko da ɗan kaɗan ne, a irin wannan gudu, ba aiki kaɗai za ta rasa ba.

A bakin fili Orsolya ta tsaya kusa da ita tana gyara safar hannu. Ba ta dube ta ba.

"Ilka tana can sama cikin 'yan kallo," in ji ta. "Ki duƙa kawai, malama. Sauran jikinki zai gaya miki."

Dorka ta ɗaga kai. Ga yarinyar can a layin gaba, sandarta a kan cinya.

Aka harba bindiga. Ta farko a jerinsu ta fita, ta miƙa wa Orsolya. Dorka na kewayawa a tsakiyar fili tana ƙara gudu. Lokaci ya yi, ta shiga layi ta duƙa. Tana jin ƙarar wuƙaƙe na kusantowa a bayanta, kamar ana wasa adda. Ta danne haƙori, ta ɗan saka nauyinta a gefe kamar yadda ta saba tun tana yarinya, don tare fizgar nan da kowace turawa ke zuwa da ita.

Hannaye biyu suka sauka a ƙugunta.

Fizgar ba ta zo ba. Tafi biyu ne a shimfiɗe, nauyinsu ɗaya, ba babban yatsan da ya nutse mata a hagu, daidai wurin tabon nan. Ta fita miƙe kamar kibiya, kwanar farko ta zo ta wuce kamar ba kwana ba. Ta wuce 'yar Poland, ta wuce 'yar Italiya, filin ya ɗauki ihu, ita kuwa ba ta jin komai sai ƙugunta na hagu, wanda yau, karo na farko a babban wasa, bai yi mata zafi ba.

Ta karyo kwanar ƙarshe da sanin cewa ƙafarta ba ta taɓa zamewa da kanta ba, kuma ga mai yatsan can a gabanta, Piroska, ta duƙa, ta ba ta baya tana jira.