Mai Tukwane da Rangwamen Kasuwa

Zayyanu, wannan ma abin tambaya ne? Kai da ka yi boko har ka gaji, a ce a wurin aiki an ba ka takarda ka rubuta yawan iyalinka don a rage maka haraji, sai ka ninke ta ka cusa a aljihu, ka zo kana tambayar kakarka da ba ta san alif ba wai ko roƙo ne? Gobe fa ka ce za a rufe karɓa, ga mai gidan haya ya tasa ka gaba. Ni tun da ka faɗa zuciyata ta yi fari ƙal, har guɗa na so in rangaɗa, kai kuwa kana nan kana jan aji. Zauna ka ji, mijin kawai.

An yi wata mai ginin tukwane, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar. Kowace ranar kasuwa sai ta ɗora wa jaki kaya, a bakin kasuwa mai karɓar haraji ya ƙwanƙwasa, ya zaɓi tulu biyu masu zaƙin amo ya ajiye gefe. Ba ta taɓa cewa uffan ba. Ashe garin suna da ƙa'ida tun kaka da kakanni: duk mai ciyar da ƙananan yara da guminsa, kasko ɗaya tal ake karɓa a hannunsa, amma sai ya buɗe baki ya faɗa. Ita kuwa mace ce mai ji da kanta, ba ta zama cikin mata a yi hira, ba ta so a san cikinta. Shekara bakwai tana haƙo yumɓu, tana shan hayaƙin gashi, tana miƙa tulu biyu, yaranta na kwana da kunu tsararo.

Ran nan maƙwabciyar da ke duba mata yara ta tafi biki, dole ta koro su gaba ɗaya zuwa kasuwa, autan riƙe da zaninta, sauran riƙe da igiyar jaki. Mai haraji ya ɗauki tulu biyu, ya dubi yaran, ya ƙirga kawuna, ya ce, "Baiwar Allah, duk naki ne?" Da ta ce nata ne, sai ya mayar da tulunan kan jaki da hannunsa, ya ɗauki ɗan kasko. Kafin azahar ta sayar da su, ta auno gero, ta sayi tsoka har da ƙashin miya. Yaran nan suka koma gida suna tsalle, baki duk maiƙo. Ita ma tana tafe tana dariya, tana kuma cizon yatsa, don tulunan da ta bayar a banza da sun cika ɗaki biyu.

To kai an ma kawo maka labari har hannu. Rangwamen nan guminka ne za a bar maka, ba sadaka ba. Gari na wayewa ka rubuta su duka, har jaririyar, ka kai da ƙafarka. Hausawa suka ce, rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Ku kuma da kuka baza kunnuwa, da ubanku nake. Ku tashi ku wanke ƙafa ku kwanta.